Ido a Kwamfutar Malama Jan Biro

SHAFI NA 27

Masu turo saƙo suna cewa na bar su tsaye kwana uku, a yi min afuwa, yatsuna goma ne kamar na kowa. Ke kuma da kika rubuta cewa a kori Malama kowa ya huta, na ga sharhinki. Ina zargin ta taɓa ba ki sifili. To, a gyara zama.

*

Ƙarfe sha ɗaya saura kwata Malama Jan Biro ta fara hawa matakalar benen masu gyaran waya, tana taka ta kamar da ita suka yi faɗa.

Ƙarfe biyu kwamitin ladabtarwa na makaranta zai zauna a kanta. Tambayoyin jarrabawar kimiyya da ta tsara da hannunta, a kwamfutarta, a cikin ɗakinta, su ne suka yi yawo a wayoyin ɗalibai kwana uku kafin a shiga aji, har da amsoshinsu. Shekara goma sha tara tana koyarwa ba a taɓa jin ta ƙara wa ɗan wani rabin maki ba, shi ya sa ma ɗalibai suka laƙaba mata Jan Biro. Yau ga ta tana yawon neman wanda zai gaya mata ta inda aka haura mata katanga.

'Yarta Auta na biye da ita cikin kayan makaranta, rungume da jakar kwamfutar, idanu sun kumbura. Abin da ya ƙara dagula al'amarin ke nan. Auta 'yar ajin ce, yayyenta sun tafi karatu, daga ita sai uwarta a gidan, kuma ita kaɗai ke taɓa kwamfutar in ba Malama ba.

"Ki ɗaga ƙafa."

"Ina tafe, Mama."

"Har yanzu ba za ki faɗa min wa kika ba ba?"

"Wallahi ban ba kowa ba."

"Kar ki ƙara rantse min. Tun jiya kike rantsuwa, rantsuwar ta hana tambayoyina fita ne?"

Auta ta ƙara matse jakar a ƙirji.

Shagon na ƙarshe ne a hawa na biyu, ɗan tsukuku, matattun kwamfutoci jibge har kusa da rufi, fanka na juyawa tana kaɗa warin dalma. Mai shagon na sunkuye kan wata waya da aka farke, da gilashin ƙara girma a goshi. Da ta ɗago sai ta miƙe zumbur har kujera ta faɗi.

"Malama! Ke ce da kanki?"

Malama ta ƙura mata ido. Ta gane ta. Ɗalibarta ce shekara goma da suka wuce, wadda ta taɓa sa wa gwale-gwale don ta kwance kalkuletar makaranta wai tana son ganin abin da ke ciki. Yanzu duk benen Injiniya suke ce mata.

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Ina da awa uku."

"To, Allah ya sa lafiya."

"Da lafiya ce da ba ki gan ni ba."

A tsaye ta zayyana mata komai. Injiniya ta ture wayar da take gyarawa gefe, ta karɓi kwamfutar ta buɗe.

Kafin ta ɗora yatsa, tallace-tallace suka fara tsalle. Man shafawa mai mayar da mutum fari cikin kwana bakwai. Gidan caca. Wata mata na murmushi tana cewa an ci mota. Sai wani jan akwati yana ƙyafta ido, wai kwamfutar na ɗauke da bairos talatin da takwas, a danna nan a tsira.

"Innalillahi. Malama, kashe datar wayarki. Yanzu."

"Me ya haɗa wayata da..."

"Da ita kwamfutar ke shiga intanet, ga shi ta kama da kanta. Kashe, don Allah."

Malama ta kashe. Ba ta saba a ba ta umarni ba, balle daga bakin yarinyar da ta taɓa yi wa gwale-gwale, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake.

"Tun yaushe take wannan haukan?"

"An daɗe. Wata shida, bakwai."

"Kuma kina tsara jarrabawa a cikinta?"

"Ƙanina ya ce ba komai, haka intanet take yanzu. Ya ce in dinga rufe su kawai."

"Wannan jan akwatin fa, kin taɓa dannawa?"

Malama ta kau da kai.

"Sau ɗaya. Ko biyu. Ai cewa ya yi zai wanke ta."

Injiniya ta dafe goshi.

"Malama, ɓarawo ne fa yake ƙwanƙwasa ƙofa yana cewa shi mai gadi ne. Duk abin da ya faɗo miki da kansa yana ihu a danna shi, guje masa. Shi ƙanin naki ina yake?"

"Tun jiya nake kiransa, wayar a kashe. Da shi zan kai wa."

Injiniya ta jawo kwamfutar gabanta. Ta zare wani filashi daga wuyanta ta soka, ta fara danne-danne. Wani layi kore ya fito yana rarrafe.

"Minti nawa?"

"Ashirin. Ki zauna."

"Ba zan iya ba."

Da gaske ba za ta iya ba. Ta je bakin ƙofa ta dawo, ta duba agogo, ta gyara mayafi, ta sake duba agogo. Auta na rakuɓe a kan benci tana kallon takalminta. Wayar Malama ta yi ƙara. Shugaban makaranta ne. Ta fita baranda.

"Malama, kina ina?"

"Ina wurin mai gyara, ranka ya daɗe. Ana duba kwamfutar."

"Ki bar wahalar da kanki. Ni fa ba na so mu rasa ki. Bari in gaya miki gaskiya tsakanina da ke, takardar kora an riga an buga ta, sa hannu kawai ya rage."

Ta kama ƙarfen barandar.

"Amma akwai mafita," ya ce, ya sassauta murya. "Yarinya ce. Ta ga tambayoyi a gida, ƙuruciya ta ɗebe ta, ta tura wa ƙawa, ƙawa ta tura wa duniya. Ki faɗi haka a gaban kwamiti. A dakatar da ita, ta maimaita shekara, ke a ba ki takardar gargaɗi. Shi ke nan an kashe wutar."

"In ce 'yata ce?"

"To in ba ita ba wa? Ke ce?"

Abin da ya fi ci mata rai shi ne, can ƙasan zuciyarta, ita ma haka take zargi.

"Ƙarfe biyu, Malama. Ki zo da kwamfutar, kwamiti na son ganinta."

Ƙit, ya kashe.

Ta daɗe tsaye tana kallon masu tallan caja a ƙasa. Shekara ɗaya a rayuwar yarinya, ko shekara goma sha tara a tata. Ta tsani kanta da har ta tsaya aunawa.

"Malama!" Muryar Injiniya ce daga ciki. "Zo ki gani."

Ta faɗa shagon har mayafi na kama ƙofa.

"Tallace-tallacen nan 'yan rakiya ne kawai. Ga mai gayya mai aiki nan."

Ta nuna wani suna a cikin jerin sunaye, ɗan ƙarami, ba shi da wata alama.

"Mene ne shi?"

"Manhajar leƙen asiri. Ba ta fitowa a fuska, a ɓoye take aiki. Duk rabin minti tana ɗaukar hoton abin da ke kan allon. Duk harafin da aka danna tana rubutawa. Da an shiga intanet sai ta kwashe ta tura."

"Ta tura ina?"

"Za mu zo nan. Duba tukuna."

Ta buɗe wani wuri. Hotuna suka zubo, dubbai, a jere da kwanan wata. Ta danna ɗaya. Malama ta ga tambaya ta ɗaya, rabinta a rubuce. Hoto na gaba, ta cika. Na gaba, ta biyu ta fara. Har inda ta yi kuskure ta goge ta gyara, duk ga shi nan. Ashe duk ranakun da take rufe ƙofa da makulli tana aiki, wani na tsaye a kafaɗarta yana karantawa.

Ta juya kan Auta a fusace.

"Ke kika saka!"

Auta ta zabura.

"Ni? Mama, ban ma san..."

"Rufe min baki! Wa ke kwana kan kwamfutar nan in ba ke ba? Wane ɗan iskan ne ya koya miki?"

"Malama, dakata," in ji Injiniya. "Ba a yanke hukunci sai an duba takarda, ke kika koya mana."

Ta sake danne-danne.

"Ga ranar da aka saka ta. Wata takwas da suka wuce, ranar Asabar, sha ɗaya da minti ashirin na safe."

Auta ta matso, tana share hanci da bayan hannu. Ta leƙa kwanan watan.

"Lokacin hutu ne. Ina gidan Gwaggo, sati biyu na yi. Mama, ke kika kai ni tasha."

"Kuma wannan ba irin wadda ke shigowa da kanta ba ce," Injiniya ta ci gaba. "Zama aka yi aka saka ta, da kalmar sirrin mai kwamfutar. Irin wadda ake sayar wa iyaye ce don su sa ido kan yara. Sai dai wannan ba a saya ba, ta sata ce aka sauko da ita kyauta, shi ya sa ta zo da tarkacen tallan nan a bayanta. Kayan banza ai ba ya zuwa shi kaɗai."

Malama ba ta ji ƙarshen maganar ba.

Asabar. Hutu. Sha ɗaya na safe.

Ta tuna. Shekara guda ke nan da rasuwar Baban Auta a lokacin, yarinyar ta daina magana, ta daina cin abincin kirki, sai ta shige ɗaki da kwamfuta ta yi ta rubutu, in an shigo ta rufe da sauri. Malama ta sa a ranta wani yaro ne ke hure mata kunne. Maimakon ta zaunar da 'yarta ta tambaye ta, sai ta kira ƙaninta, wanda duk gidansu ke ce wa Ƙarami, wanda ta goya da bayanta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ya ce, "Yaya, wannan ai ƙaramin aiki ne." Ya zauna a falonta yana shan shayi, ya saka, ya buɗe mata wani sabon imel inda hotunan za su dinga zuwa.

Bayan Auta ta dawo, sati biyu ta yi tana leƙawa. Ba ta ga yaro ba. Abin da ta gani ya hana ta barci, ta ji kunyar kanta, ta rantse ba za ta ƙara ba.

"Amma ai na goge ta."

A fili maganar ta fita. Sai da ta fita ta ji ta.

Injiniya ta juyo.

"Kin goge me, Malama?"

"Na... na ja ta da hannuna na jefa a kwandon shara. Har kwandon na zubar. Na gani da idona ta ɓace."

Injiniya ta cire gilashin goshinta ta ajiye a hankali.

"Malama, ɗan hoton da ke kan fuska kika goge. Kamar ki cire allon sunan shago ne ki ce shagon ya tashi. Ita tana nan ciki tana aikinta. Cire manhaja daban, goge hotonta daban."

"Mama."

Malama ba ta juya ba.

"Mama, ke kika saka?"

"Auta, ki bari mu je gida, zan..."

"Ke kika saka?"

"Tsoro na ji. Kin daina yi min magana. Na ɗauka wani ne yake..."

"Me kika karanta?"

Malama ta dubi ƙasa.

"Mama, me kika karanta?"

"Wasiƙun," in ji Malama. "Waɗanda kike rubuta wa Babanki."

Auta ta ja da baya har ta bugi tarin kwamfutocin. Ta sa wa wurin da take ajiye wasiƙun suna "Aikin Gida Na Huɗu" don ta san ba mai buɗewa. A nan take gaya wa mahaifinta abin da ba ta iya gaya wa kowa. A nan ta rubuta cewa tana tsoron Mama, cewa da ma Mama za ta dube ta sau ɗaya ba da jan biro a hannu ba.

"Duka?"

"Na sati biyu kawai. Wallahi na daina."

"Yanzu ke ma rantsuwa kike yi."

Maganar ta sami Malama inda ba ta zata ba.

"Tun jiya kike ce min ɓarauniya," in ji Auta. Ba ihu take ba, da ma ihun ta yi da ya fi sauƙi. "A gaban Gwaggo kika ce. A gaban mai gadin makaranta kika ce. Kin ƙwace wayata kin bincike. Ashe ke kika buɗe ƙofar."

"Auta..."

"Kin karanta kin san abin da ke damuna, kuma ba ki taɓa ce min komai ba. Wata takwas!"

Injiniya ta sunkuyar da kai tana goge maus ɗin da ba shi da datti. Ta so a ce tana wani wuri. Amma agogon bango ya nuna sha biyu da rabi, kuma akwai sauran magana.

"Malama, ki yi haƙuri. Ban gama ba."

"Akwai abin da ya fi wannan?"

"Wuri biyu take turawa."

"Biyu kamar yaya?"

"Imel biyu aka saka mata. Ga na farko."

Malama ta duba. Nata ne, wanda ta daina buɗewa tun ranar da ta jefa hoton a shara.

"Na biyun an ɓoye shi a can ƙasa. Sai mai nema zai gani."

"Karanta min."

"Gara ki karanta da kanki."

Ta sunkuya. Haruffan suka yi mata rawa, ta goge tabarau ta sake dubawa. Sunan da suke kiransa da shi a gida ne, ƙarami, sai lambobi huɗu na ƙarshen wayarsa. Lambar da ta kira sau goma sha ɗaya tun jiya.

Ta nemi benci ta zauna, karo na farko tun da ta shigo.

Ƙarami na da ajin ƙarin darasi da yake yi wa ɗalibai ranakun Asabar da Lahadi. Zango biyu ke nan yaransa na cinye jarrabawarta, iyaye na ta tururuwar kai 'ya'yansu, wai yana da basirar hango abin da zai fito. Ita da bakinta ta yi alfahari da shi a ɗakin malamai. Ita ta ce jini ba ya ƙarya.

"Wannan karon wani daga cikin yaransa ne ya kasa riƙe bakinsa," in ji Injiniya. "Da ba a tura wa kowa ba, da har yau ba ki sani ba."

"Da bayana na goya shi," Malama ta ce, ba da kowa take ba. "Ni na koya masa rubuta sunansa."

"Anti." Auta ce, tana kallon Injiniya, ba ta kallon uwarta. "Duk hoton da ya je na farko, yana zuwa na biyun?"

Injiniya ta gyaɗa kai.

"Eh."

"Har yau?"

"Har safiyar yau."

"Ke nan Kawu ma ya karanta. Ba na sati biyu ba. Duka."

Ta toshe bakinta da hannu biyu, kafaɗunta na rawa. Malama ta miƙa hannu za ta taɓa ta, yarinyar ta goce.

Ƙarfe ɗaya saura minti goma.

"Malama, lokaci na tafiya, ki saurare ni da kyau," in ji Injiniya. "Hanya biyu ce. Ko in wanke ta yanzu tas, in cire wannan da tarkacen tallan, in saka miki maganin bairos na gaske mai sabunta kansa, in raba muku wurin shiga, ke da naki ita da nata, kowa da kalmar sirrinsa. Duk kalmomin sirrinki kuma sai kin canza su, daga wata na'urar daban, don waɗannan an riga an gan su. Awa ɗaya ya ishe ni."

"Ko kuma?"

"Ko in bar ta yadda take ki kai wa kwamiti. In na wanke, shaidarki ta tafi. Ranar da aka saka, imel ɗin nan na biyu, hotunan tambayoyin, su ne za su nuna ba ke kika fitar ba, ba kuma ita ba."

"Ki ɗauka min a waya mana."

"Zan ɗauka, amma hoton waya kowa na iya cewa haɗa shi aka yi. Sai sun gani a cikinta da idonsu." Ta nuna allon. "Sai dai fa hotunan a jere suke. In suka buɗe suna nema, ba tambayoyi kaɗai za su gani ba."

Malama ta gane. Mutum biyar a kan dogon teburi, har da Shugaba da wakilin iyaye, suna bin wasiƙun 'yarta ɗaya bayan ɗaya.

"A cire nata."

"In na cire ko ɗaya za a ga giɓi a jerin. Za su ce mun taɓa."

Malama ta dubi Auta. Yarinyar ta juya musu baya, goshinta a jikin bango. Sau ɗaya ta riga ta tona mata asiri don tsoro. Yanzu kuma a ce ta sake tonawa a gaban baƙi don ta tsira da aikinta?

"Wanke ta."

"Malama?"

"Na ce ki wanke. Zan je in ce sakacina ne, ni na jawo. Ai ba ƙarya na yi ba. Su ba ni takardarsu."

"Ƙanin naki kuma fa?"

"Shi da Allah."

Injiniya ta ja numfashi, ta kai hannu kan maus.

Wani hannu ya riga ta. Auta ta rufe kwamfutar, ta zare filashin ta ajiye a kan teburi, ta tura kwamfutar cikin jaka ta ja zif.

"Ba za a wanke ba."

"Auta, ba ki san abin da..."

"Na sani. In kika ce sakaci ne, gobe duk makaranta za a ce rufa min asiri kika yi. Har in gama ana nuna ni." Ta rataya jakar. "Kuma Kawu ya ci gaba da zuwa gidanmu yana shan shayi yana kallona. Ba don ke zan kai ba, Mama. Kar ki ɗauka don ke ne."

Ta fice.

Malama ta miƙe za ta bi ta, Injiniya ta riƙo gefen mayafinta.

"Abu ɗaya, Malama, ki riƙe shi da kyau. Kar a haɗa ta da intanet. Kuma kar ki bari kowa ya zauna gabanta shi kaɗai, ko waye. Wanda ya san inda ya saka abin nan, minti biyu ya ishe shi ya share komai, ko ƙura ba za a gani ba. Ku buɗe da hannunku, ku kira ni a waya, ni zan gaya musu inda za su danna."

"Nawa ne kuɗinki?"

"Je ki, Malama. Kin makara."

Suka tare motar haya suka shiga. Auta ta manne da ƙofa, jakar a cinyarta, fuskarta a waje. Cunkoso ya riƙe su a mahaɗar hanya, wata babbar mota ta mutu a tsakiyar titi, direba na ta tsaki yana leƙe. Malama ta duba agogo. Ɗaya da rabi. Ta sake kiran Ƙarami, a kashe. Ta shirya maganar da za ta fara da ita a gaban kwamiti, ta rushe, ta sake shiryawa. Ta yaya mace za ta tsaya gaban abokan aikinta ta ce na yi wa 'yata leƙen asiri, ƙanina kuma ya yi min? Sau biyu tana juyawa za ta ce wa Auta ta yafe mata, sau biyu tana fasawa.

Biyu saura minti uku suka shiga harabar makaranta. Ɗalibai na leƙowa ta tagogi. Malama ta miƙe wuya ta wuce kamar kullum.

Ɗakin taron na da dogon teburi da kujeru masu jan kushin. Mutum biyar na zaune. A gaban Shugaba akwai farar ambulan, ya ɗora biro a kanta.

"Madalla, kun zo a kan lokaci. Ku shigo."

"Ranka ya daɗe, kafin a fara ina da magana. Mun gano..."

"Za ki yi maganarki, Malama, ba mai hana ki. Amma kwamiti ya yanke cewa masani zai fara duba kwamfutar a ofishina, ya kawo mana rahoto, sannan mu saurare ki." Ya yi murmushi irin na wanda ya yi abin kirki. "Kuma don kar ki ce an yi miki rashin adalci, ba mu kira bare ba. Naki muka kira."

Kujerar da ke bayan ƙofa ta motsa.

Ƙarami ya miƙe, cikin farar riga mai guga, yana kaɗa makullan mota da ɗan filashi a jikinsu.

"Yaya, sannu. Wayata ce ta faɗa ruwa, sai yau na ji abin da ya faru. Kar ki damu, in sha Allahu ba komai."

Ya tako har gaban Auta, ya miƙa hannu.

"Auta, kawo wa Kawunki. Minti biyu ne kawai."

Auta ta ƙanƙame jakar. A karo na farko tun daga shagon, ta ɗago ta dubi uwarta.

Shugaba ya ƙwanƙwasa biro a kan ambulan ɗin.

"Ba shi mana, yarinya. Ko akwai abin da kuke ɓoyewa ne?"